Abin da Na Kama a Gadar Birnin Murjani

Da sunan Allah, wanda ya shimfiɗa ƙasa ba da tabarma ba, ya ɗaga sama ba da ginshiƙi ba, ya zuba wa teku gishiri ba da mudu ba. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, ku gyara zama ku ara mini kunnuwanku, in ba ku labarin wani yammaci da na yi a inda ƙasa ta gaji da tafiya ta sallama wa ruwa.

Sunana Shekarau ɗan Tunau, mutumin Tudun Gawo. Ubana mahaƙin rijiya ne, haka ma ubansa. A garinmu ba a ganin ruwa sai an sunkuya, kuma ba ya zuwa hannu sai igiya ta ci tafin mutum. Tun ina ƙarami nake jin fatake suna cewa akwai wani ruwa a ƙarshen duniya wanda ba wanda ya haƙa shi, ba shi da murfi, ba a kuma taɓa jin ya ƙafe ba. Maganar nan ta shiga raina ta yi gida. Da mahaifina ya rasu, na naɗe kayan sana'ata a jaka, na ce wa matata Yalwa zan je in gano wa idona, in dawo.

Ta dube ni ta ce, "Malam, kai da ba ka iya dama fura ba, wa zai ciyar da kai a hanya?"

Washegari na tarar ta riga ni ɗaure kaya.

Abin da muka gani a hanya, in na ce zan faɗa duka, sai fitilarku ta ƙare. Mun ratsa Filin Farin Gishiri, inda ƙasa ke ƙyalli har mutanen wurin ba sa tafiya sai sun rufe idanu da baƙin ƙyalle mai shara-shara. Mun faɗa hannun Sarkin Dutsen Zunguru, wanda da ya ji sana'ata ya sa aka kulle mu a kan dutsen, ya rantse ba za mu sauka ba sai na fito masa da ruwa daga tsakiyar dutse. Na yi ta sara har hannuna ya yi kanta. Yalwa ce wata rana ta leƙo ramin ta ce, "Shin dole ne rami ya nufi ƙasa?" Daga ranar na karkata haƙata gefe, dogarai suna jin ƙarar diga suna yaba ƙwazona, har muka ɓulla bayan ganuwa muka kama gabanmu. Mun kuma haye Kogin Barci a bayan wasu kunkuru masu girman rumbu, waɗanda ba sa motsi sai ana yi musu waƙa. Da na fara tawa, namu ya nutse da mu har ƙugu. Yalwa ta karɓa da waƙar niƙa, ya taso, ya kai mu gaci.

A cikin wannan tafiya Allah ya ba ta ciki. Lokacin da muka hango hasumiyoyin Birnin Murjani, cikin ya tsufa, tana tafiya tana dafa ƙugu, ni kuma ina ɗauke da kayanmu duka.

Nan na ga teku. Na tsaya cak. Ruwa ne shuɗi kamar an juye marinar duniya duka a wuri guda, yana numfashi kamar dabba mai barci, ya zo ya lashi yashi ya koma. Na ɗebo da hannu na kurɓa, na tofar. Yalwa ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

"Duk tafiyar nan," in ji ta, "ashe miya muka zo gani, an cika mata gishiri."

Ba mu gama hutawa ba sai ga wani dattijo mai jan rawani da sandar azurfa ya nufo mu. Shi ne Magajin Gada, mai kula da tashar jiragen birnin da duk baƙon da ya sauka. Muka gaisa, ya tambayi asalinmu, sannan ya karanta mana dokar garin, da murya irin ta wanda ya saba faɗarta.

"A nan teku ce ke ciyar da mu, ita kuma ke zaɓen wanda zai zauna. Baƙo zai hau gada daga la'asar, ya jefa ƙugiyarsa. In ya fito da mai rai daga ruwa kafin a buga tambarin faɗuwar rana, teku ta karɓe shi. In bai fito da komai ba, jirgin safe zai tafi da shi, ba kuma zai sake taka garin nan ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, da iyalina?"

Ya dubi Yalwa, ya kawar da kai. "Ba matuƙin da ke ɗaukar mace a wannan hali. Za ta zauna gidan ungozoma. Kai kaɗai za ka tafi."

Na ji kamar igiya ta tsinke da ni a tsakiyar rijiya. Ni da ban taɓa ganin kifi ba sai busasshe a kasuwa. Yalwa ta kama bakin rigata ta ce a hankali, "Mu je dai mu yi la'asar tukuna."

Gadar nan ba irin wadda kuka sani ba ce, mai haɗa gaɓa da gaɓa. Katakai ne aka jera a kan manyan turaku, suka miƙe cikin teku suka tsaya a tsakiyar ruwa ba su kai ko'ina ba. Jirage masu filafilai suna ɗaure a gefenta, suna gogar juna suna kuka kamar tsofaffin ƙofofi. Masunta sun cika farkonta, kowa da wurinsa na gado, ba wanda ya matsa mini. Na shimfiɗa wa Yalwa tabarma a inuwar wani jirgi da aka kife, ni kuwa na yi ta tafiya har ƙarshen katakan.

A can na tarar da wani tsoho shi kaɗai, ya saki ƙafafu a kan ruwa, sanye da riga mai kauri da wani bujen wando wanda zai ishi mutum uku. Na yi masa sallama. Ya amsa bai waiwayo ba.

"Baƙon doka ne?"

"Shi ne, Baba."

"Daga takunka na gane. Kana taka katako kamar mai tsoron kada ya farka. Zauna. Sunana Marke. Ka taɓa fatsa?"

"Ban taɓa ba."

"Madalla. Waɗanda suka taɓa su ne ba sa jin magana."

Ya ba ni igiya mai ƙarfi da ƙugiya guda, ya ce daga yanzu tawa ce, don doka ba ta karɓar ta aro. Ya buɗe wani ƙoƙo cike da jatan lande, ya nuna mini yadda ake soka shi ta wutsiya don ya riƙa motsi. Jifata ta farko ta naɗe turken da ke bayana. Ta biyu ta tafi da hulata. Baba Marke ya bi hular da kallo har ta nutse.

"Kai ne baƙo na farko da ya fara yi wa teku kyauta," in ji shi. "Wataƙila ta ji kunya ta rama."

Ya kama wuyan hannuna ya koya mini. Ya ce kada in yi da ƙarfi, in saki kamar mai watsa wa kaji tsaba. Ƙugiya ta tafi ta faɗa da nisa. Ya ɗora igiyar a kan yatsana ya ce in rufe baki in saurara da fata.

Muka zauna. Rana ta fara sunkuyawa, iska mai ɗanɗanon gishiri tana kaɗawa, fararen tsuntsaye suna shawagi suna yi mana tsegumi. Can sai na ga abin mamaki. Ƙarƙashin gadar ya fara haske, wasu ƙananan kifaye masu fitila a goshi suka taso garke-garke, suna kewaya turaku kamar 'yan mata a dandali. Na zabura zan jawo igiya in jefa musu.

"Bar su," in ji Baba Marke. "Waɗannan ba sa cin komai sai hasken yamma. Kallo kawai ake yi."

Ya ciro gasasshen rogo daga aljihu, ya raba, ya ce in kai wa mai ɗakina babban rabon. Da na dawo ya tambaye ni garinmu. Na ba shi labarin rijiyoyi, yadda mutum ke shiga ƙasa har sama ta koma kamar bakin ƙoƙo. Ya girgiza kai ya ce shi ko da sarauta ba zai shiga ba. Ni ma na tambaye shi nasa. Ya ce shi ma baƙo ne a dā, jirgi ya fashe da su, shi kaɗai ruwa ya tofo. Ya yi aure a nan, matar ta riga shi, ba su samu haihuwa ba. Ɗakinsa na bayan rumfar masu gyaran taru, amma ya fi son nan, don a nan ko ba kowa akwai mai yi masa magana.

Sau da yawa na ji an taɓa igiyata, in fizgo, in tarar an cinye jatan landen an bar mini ƙarfe. Ƙoƙon ya yi ƙasa. Rana ta yi ja, ta kusa taɓa ruwa. Na waiwaya na hango Yalwa ta bar tabarmarta, ta tako har tsakiyar gada ta jingina da turke. Ta ɗaga mini hannu. Na kasa ɗaga nawa. A can bakin gaɓa na ga mai tambari ya fito yana gyara madaurinsa.

Baba Marke ya soka mini jatan landen ƙarshe da hannunsa, ya yi bisimilla, ya tofa. Na jefa.

Ban gama zama ba aka fizgi igiyar, fizgar da ta durƙusar da ni. Ta riƙa gudu a tafina tana ƙuna. Nan jikina ya tuna abin da ya sani. Na zagaya ta a turke kamar yadda muke yi in guga ya yi nauyi, na taka da ƙafa, na riƙa saki kaɗan ina karɓa da yawa. Ruwa ya tsage, wani kifi ya yi tsalle, tsawonsa ya fi nawa, bayansa baƙi, cikinsa kamar azurfa.

"Bajimin teku ne," in ji Baba Marke. "Riƙe shi, ɗana. Kada ka yi gardama da shi, bar shi ya gaji da kansa."

Muka yi ta ja-in-ja. Gumi ya rufe mini ido. Sannu a hankali kifin ya sare, na jawo shi har gindin gada, yana kwance a gefe guda yana buɗe baki. Tsohon ya ɗauki sandarsa mai ƙarfe a baki, ya durƙusa a ƙarshen katako, ya miƙa jiki don ya saƙalo shi. Katakon nan kuwa ya sha gansakuka. Kifin ya yi wani bugu da wutsiya, sandar ta fizge, gwiwar Baba Marke ta zame. Kafin in miƙa hannu ya faɗa.

Ya taso sau ɗaya, ya kama iska. Rigarsa da bujensa suka sha ruwa suka zama masa duwatsu, igiyar ruwa kuma ta fara jansa waje. Ni ban iya iyo ba. Masunta suna can farkon gada, kafin su iso an gama. Na duba igiyar tsohon, siririya ce ta ƙananan kifi. Igiya mai ɗaukar mutum guda ce a wurin, kifina kuma yana bakinta.

Na dubi rana, saura ƙiris. Na dubi kifin. Na zaro wuƙa na yanke.

A jakata akwai ƙugiyar rijiya ta mahaifina, mai baki huɗu, wadda muke ciro guga da ita in ya tsinke. Da ita na ciro guguna a duhun da ba a ganin komai, na ciro akuya, har na taɓa ciro jaki. Na ƙulla ta a igiyar, na auna inda rigar ke yin duhu a ƙarƙashin ruwa, na jefa gaba da shi kaɗan, na bar ta ta nutse, sannan na ja a hankali. Na ji ta kama tufa. Na zagaya turke na fara ja. Ina ji Yalwa tana ƙwala wa masunta kira, ina jin katakai suna amsa gudunsu. Hannaye suka kama igiyar a bayana. Muka fito da shi ta ƙugun wando, kai ƙasa, ruwa na zuba daga gare shi kamar an tsamo wanki.

Muna kwantar da shi, tambari ya yi ƙara.

Wani masunci ya danna masa ciki, ya amayar da ruwa, ya yi tari, ya buɗe ido. Abin da ya fara cewa shi ne, "Ina kifin?"

Na ce, "Ya tafi, Baba."

Ya rufe ido, hawaye suka gangaro suka haɗu da ruwan gishirin da ke gemunsa. "Ka yi wauta, ɗana. Ni na riga na ci rabona."

Jama'a suka buɗa, Magajin Gada ya iso da sandarsa. Ya ji abin da ya faru daga bakin mutane, ya daɗe yana kallon guntun igiyar. Ya ce, "Baƙo, abin da ka yi, ɗan halak ne ke yin sa. Amma doka ba ni na kafa ta ba. Ina kamunka?"

Sai na ji muryar Yalwa a bayana, tana haki saboda tafiyar da ta yi.

"Ranka ya daɗe, ni mace ce baƙuwa, kaina ba ya riƙe magana. A taimaka a maimaita mini dokar."

Ya maimaita: baƙo ya jefa ƙugiyarsa, ya fito da mai rai daga ruwa kafin tambari.

Ta nuna ƙugiyar da har yanzu ke maƙale a wandon tsohon. "Wannan ta wa ce?"

"Ta mijinki ce."

"Daga ina ta fito da shi?"

"Daga ruwa."

Ta sunkuya da ƙyar ta ce, "Baba, kana da rai?"

Baba Marke ya buɗe ido ɗaya. "Da saura, 'yata."

Dariya ta tashi a gadar. Magajin Gada ya danne tasa da gefen rawani, ya ce, "Yarinya, bakinki ya fi ƙugiyar mijinki kaifi. Sai dai kakanninmu da suka ce mai rai, abin da ake ci suke nufi. Wannan tsohon kuwa ko kura ta san ba ya taunuwa."

Na ga fuskar Yalwa ta canza, ta dafa cikinta. Baba Marke ya yunƙura zai tashi ya yi magana, na kama shi na tsayar. Yana miƙewa sai ya daskare, ya zare ido, ya fara taka rawa da ƙafa ɗaya kamar wanda ya taka garwashi. Ya kwance bakin ƙafar wandonsa ya girgiza. Ruwa ya zubo, sai ga wani ɗan kifi, bai fi tafin hannu ba, ya faɗo a kan katako yana tsalle.

Magajin Gada ya sunkuya, ya ɗauki kifin ta wutsiya, ya ɗaga shi a sauran hasken da ya rage, ya juya shi gaba da baya kamar mai sayen doki.

"Ana cin wannan," in ji shi. "Ƙugiyar baƙo ta kama wando, wando ya kama kifi. Ban ga inda doka ta hana a bi ta wando ba. Teku ta karɓe ka, Shekarau ɗan Tunau."

Na zauna a inda nake. Masuntan da ɗazu suka hana ni wuri suka riƙa dafa kafaɗata, wani ya kifa mini hularsa a kai. Yalwa ta zauna kusa da ni, ta kama tafina ta duba inda igiya ta yanke, ta yage bakin mayafinta ta ɗaure mini.

Aka kira magariba daga hasumiyar tasha. Muka yi sahu a kan katakai, teku na numfashi a ƙarƙashin goshinmu. Wani ya ara wa Baba Marke busasshiyar riga, ya yi salla a gefena yana rawar ɗari. Da aka sallame, wata mai tuya ta kawo kaskon wuta, masunta suka zubo daga nasu kamun. Nawa ɗan kifin aka fara gasawa. Tsohon ya hana kowa taɓawa, ya cire ƙayoyin da yatsunsa, ya miƙa wa Yalwa a kan ganye. Ta ce a raba uku. Ya ce ai ukun ne: ita, da na cikinta, da kuma ita.

Da taro ya fara watsewa, wata dattijuwa ta ce akwai ɗaki a gidanta, mu zo mu sauka. Na ɗauki kayanmu, na ɗaga Yalwa. Na juya in yi wa Baba Marke sallama, na tarar ya naɗe 'yar igiyarsa, ya rataya jiƙaƙƙen bujensa a kafaɗa, yana tsaye yana jira.

Na ce, "Baba, mu raka ka ɗakinka tukuna?"

Ya dube ni kamar na faɗi abin kunya. "Kai baƙo ne, ba ka san al'adar masunta ba. Wa ka taɓa gani ya yi kamu ya bar shi a kan gada?"

Yalwa ta karɓi wandon daga kafaɗarsa ta ɗora a kan kayan da ke kaina, ruwansa na ɗiga mini a wuya. Ta kama hannunsa na dama, ni na kama na hagu, muka bi katakan nan a hankali zuwa cikin gari. Shi ya yi wa 'yarmu huɗuba da ta zo, a bayansa ta yi wayo, kuma a ɗakinmu ya cika bayan shekaru, kansa a kan cinyata.

Wannan shi ne abin da na kama a Birnin Murjani. Allah ya jiƙan Baba Marke, ya sa mu cika da kyau. Ku tashi haka nan, na ji Yalwa tana sauke tukunya.